Jan Bakin da Muka Yi wa Abba

Mahaifina yana da rai, yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abinci da hannunsa. Na fara da wannan ne don kada a ce ban gode wa Allah ba. Na gode. Amma akwai abin da muka yi masa da bakinmu, mu da muke ƙaunarsa, wanda har yau yake damuna. Shi nake so in rubuta, ko wani gida zai kauce masa.

A shekarar 2018 ne, ina da shekara goma sha biyar. Muna zaune a Karama, cikin Dubai, a hawa na uku: Abba, Umma, ni, da ƙanwata Nana mai shekara huɗu. Sunana Safiya, sunan mahaifiyar Abba na ci, kuma ni ce 'yar fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin iyayena ba. Abba "Uwata" yake ce min. Umma kuwa "Ke".

Abba yana aiki da wani kamfanin jigilar kaya a Jebel Ali. Aikinsa takardu ne da lambobi: wace kwantena ta iso, ta wa ce, ina za ta. An san shi da riƙe abu a ka. 'Yan kasuwar Kano da ke Deira sukan kira shi su ce, "Malam Nasiru, kayana na watan jiya fa?" sai ya karanto musu lambar kwantenar yana kurɓar shayi. Bizarmu duka a jikin aikin nan take rataye, har da zamana a makaranta. In aikin ya tafi, mu ma mun tafi.

Ranar wata Talata da safe ya tambayi makullinsa sau uku, alhali yana riƙe da shi. Ya dubi filas ɗin shayi ya ce, "Uwata, miƙo min wannan... na zafin nan." Umma ta yi dariya ta miƙa masa. Ya sa takalmi ya je bakin ƙofa ya tsaya. Na lura hannunsa yana kan mariƙin ƙofar amma bai murɗa ba. Ya juyo ya ce, "Ina ma zan je?"

Umma ta ce gajiya ce. Ta dama masa zuma da ruwan ɗumi ta sa ya kwanta. Sai bayan la'asar, da ya kasa faɗin sunan Nana, muka tafi asibiti. Likitan ya tambayi yaushe abin ya fara. Ni ce mai fassara, don Turancin Umma na cefane ne kawai. Na ce tun bakwai na safe. Ya dubi agogon bango, ya rubuta. Daga baya muka gane Abba ya bar shan maganin hawan jini tun azumi, wai don yana jin garau. Duk wanda ke da mai hawan jini a gida, ya riƙa duba kwalin da idonsa. Mu ba mu duba ba.

Aka ce jini ne ya toshe a wata 'yar jijiya can tsakiyar kai. Ba ta taɓa hannu ba, ba ta taɓa ƙafa ba. Abin da ta taɓa shi ne hanyar ɗauko abin da ya sani. Ya kwana biyar a asibiti. Ranar da aka sallame shi takardar kamfani ta zo: kwana casa'in na jinya, dab da cikarsu likitansu zai gwada shi, a ga ko zai iya komawa kan kujerarsa. Umma ta maƙala takardar a jikin firij da ɗan maganaɗisu mai siffar dabino.

A mako na biyu aka tura mu wurin mai horon ƙwaƙwalwa. Inshora ta yarda da zuwa ɗaya kawai a mako, ranar Alhamis. Ana ciro lamba a inji, a zauna kan kujerun ƙarfe masu sanyi ana kallon allo. Awa biyu muka yi kafin lambarmu ta fito, muka yi minti arba'in a ciki. Matar 'yar Indiya ce, mai furfura a gefen kunne, tabarau ɗinta na rataye da zare. Muka sa mata suna Madam Mai Kati, saboda katunan hotuna da take nuna wa Abba: agogo, jirgi, cokali, raƙumi.

Da za mu fita ta riƙe ni a bakin ƙofa, ta ba ni katunan da wata takarda. Ta ce minti arba'in ɗinta ba komai ba ne, aikin a gida yake. Ta ce, "Idan yana neman kalma, kada kowa ya faɗa masa. Ki ƙirga ashirin a zuciyarki. In bai samu ba, ki ba shi alama, kada ki ba shi amsar. Bayan minti goma ki sake tambaya, da yamma ki sake, gobe ki sake. Ki gaya wa mamanki, ki gaya wa duk mai zuwa gidanku."

A cikin jirgin ƙasa na metro Umma ta ce, "Ke, me ta ce?"

Na ce, "Ta ce a riƙa yi masa tambayoyi a gida."

Iyakar abin da na fassara ke nan. Sauran na haɗiye. Ni yarinya ce da ko na san amsa a aji ba na ɗaga hannu. Ta yaya zan dubi uwata in ce ta yi shiru tana kallon mijinta yana lalube? Na ninke takardar na sa a tsakiyar littafina na kimiyya, na ce gobe zan faɗa.

Daga nan shawarwari suka fara sauka. Goggo, yayar Abba, tana aiko da saƙon murya daga Kano kullum: zabibi ashirin da ɗaya kafin karin kumallo, habbatus sauda da zuma, kada a bar shi ya ga madubi da rana tsaka. Ta aiko da rubutu a jarka ta hannun wani matafiyi. Duk mun yi, ban da na madubin. Ban ƙi ko ɗaya ba, don ba wanda ya cuce shi. Abin da ya cuce shi bai yi kama da cuta ba ko kaɗan.

Kawu Habu, yayan Umma, yana da shagon kago, na aika kaya gida, a Deira. Mutum ne mai faɗin murya da faɗin hannu. Shi ya riƙa cika mana firij da aka rage albashin Abba, ban manta ba. Duk Juma'a bayan masallaci yakan zo da mutum biyar ko shida dubiya. Tun daga bakin ƙofa yake farawa: "Malam Nasiru! Habu ne, Habu surukinka! Ga Alhaji Sabo mai atamfa, ga Ɗanlami, ka gane shi ai, wanda kwantenarsa ta maƙale bara." Kafin Abba ya ɗaga ido ya dubi fuska, an riga an sa masa sunan a baki.

In Abba ya fara magana ya ce, "Ranar nan da muka je..." sai wani ya ce "Sharjah." "Muka hau..." sai wani ya ce "abra," wato kwale-kwalen fito, wani ya ce "a'a, bas." Abba ya gyaɗa kai, a yi dariya, hira ta ci gaba. Umma ma haka. In ya ɗaga hannu ya ce "wannan," ta riga ta ce "carbi," ta miƙa. Ni ma haka. Kada a ɗauka na ware kaina. Idan na baje katunan na ga goshinsa ya tattare, ba na kai biyar a ƙirga sai in ji bakina ya ce "agogo ne, Abba." Ya ce, "Agogo, haka ne, Allah ya yi miki albarka." Albarkar nan ta fi min daɗi a kan ƙirga ashirin.

Sau ɗaya na gwada. Wata Juma'a ina ajiye tire, Abba yana neman sunan unguwarmu ta Kano, na ga Kawu ya buɗe baki. Na ce, ƙasa-ƙasa, "An ce a bar shi ya nemo da kansa."

Kawu ya ce, "Wa ya ce?"

"A asibiti."

Ya dubi mutanen ya tafa hannu. "Kun ji likita Safiya! Habibti, ko liman ne ya sarƙe a salla, na bayansa ja masa baki suke yi. Sai mu zuba wa babban mutum ido yana in'ina a gaban baƙi? Wannan tarbiyyar ina ce?"

Alhaji Sabo ya ce, "Ta Dubai."

Aka kwashe da dariya. Umma ta leƙo daga kicin ta ce, "Ke, zo ki ɗauki kofuna." Na tafi. Ban sake ba.

Kowa yana cewa Abba ya warware, don hira da shi ba ta tsayawa. Ni kaɗai na ga abin da ya canza. A makon farko in kalma ta ɓace masa, idonsa sama yake yi, yana nema. Zuwa mako na biyar ya daina duban sama. Bakinmu yake duba. Yakan faɗi rabin magana ya tsaya, hankali kwance, kamar wanda ya miƙa kuɗi yana jiran canji. Na gani, na gane, na yi shiru. Mako shida muka yi a haka.

A mako na takwas Madam Mai Kati ta sake gwajin da ta yi masa ranar farko. Ta ɗaga katin raƙumi. Abba ya dubi katin, ya juyo ya dubi bakina. Ta ajiye katin, ta ɗauki kujerata ta mayar bayansa. Ta ɗaga cokali. Abba ya waiwayo gaba ɗaya yana nemana.

Ta cire tabarau ta ce min, "Wa yake amsa masa a gida?"

Na ce, "Kowa."

"Takardar da na ba ki fa?"

Na ce tana nan a cikin littafina. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta jawo wani littafi ta buɗe hotuna biyu na kan mutum, ta ce ba na Abba ba ne, na koyarwa ne. Ta ce in fassara wa Umma jimla bayan jimla, kuma ta zuba min ido don kada in rage. A hoton farko gaban kan ya yi jajawur, kamar an watsa garwashi. Ta ce wannan mutum ne yana ƙoƙarin tuno abin da bai saba ɗaukowa ba, kai duka ya tashi tsaye yana nema. A na biyu jan ya ragu, ya koma 'yan wurare kaɗan. Ta ce mutumin ne dai, bayan ya yi ta ɗauko abin da kansa sau da yawa. Ƙwaƙwalwa ta share hanya, ta daina wahala. Ta ɗora yatsa kan hoton farko ta ce maganar da ta zauna min har yau: "Wahalar nan da kuke tausaya masa, ita ce maganin. Duk sanda kuka faɗa masa, kun ɗauke shi a mota kun kai shi. Wanda ake kaiwa a mota ba ya sanin hanya."

Na fassara. Wannan karon ban rage komai ba.

Sai ta nuna ni ta tambayi Abba, "Wannan wace ce?" Ya ce, "Uwata." Ta ce, "Sunanta?" Ya dubi ƙasa. Ta ɗauki biro za ta yi alama, na yi maza na bayyana mata cewa a wurinmu uba ba ya kiran sunan 'yar fari, balle mai sunan mahaifiyarsa. Ta ce, "To bai taɓa faɗa ba ke nan? Shekara goma sha biyar?" Na ce e. Ta ajiye biron ba ta rubuta komai ba. Ni kuwa na fita da tambayar a ƙirjina: kunya ce ta sa ya dubi ƙasa, ko babu shi ne a wurin?

A metro, da muka kusa sauka, Umma ta juyo gare ni. Ta ce, "Maganar da kika yi a gaban Yaya ranar nan, ita ce wannan?"

"Ita ce."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun zuwan farko."

Ta gyara wa Abba hularsa da ta karkace. Ta ce, "Ni na ce ki ɗauki kofuna." Saura kwana talatin da biyar a jikin firij.

Muka fara abin da ya kamata mu fara tun tuni. Kullum in na dawo daga makaranta, bayan la'asar, sai in rufe ƙofar ɗaki in baje katuna. Ashirin tana da tsawo, wanda bai ƙirga ta a gaban ubansa ba ba zai sani ba. Ranar farko na ajiye filas a gabansa. Ya dubi bakina, na danne leɓena da haƙori. Ya ce, "Kin sani?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Kin sani kina kallona? Haka na rene ki?" Bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar. Ina jin Umma a bayan ƙofa, ta kama mariƙin ta saki. Na ce, "Ana zuba shayi a ciki, Abba." Wata jijiya ta miƙe a goshinsa, gumi ya tsattsafo masa duk da sanyin ɗakin. Idonsa ya yi sama. Ina goma sha bakwai a ƙirga ta biyu ya ce, "Filas." Ya faɗe shi kamar wanda ya sauke buhu.

Na rubuta a bayan littafina. Bayan minti goma na sake tambaya, ina sha ɗaya a ƙirga ya samo. Washegari, tara. Bayan mako guda ya ce, "Uwata, miƙo filas," yana kallon talabijin, goshinsa sumul, bai ma san ya yi wani abu ba. Na tuna hoto na biyu. Ban ga cikin kansa ba, amma na ga jijiyar nan ta kwanta, kalma bayan kalma.

Akwai wani fili na yashi a bayan gininmu, inda ƙafar masu yanke hanya zuwa tashar bas ta fitar da turba siririya. Nan muke bi da yamma, ina tambayarsa sunayen abokan aikinsa, da lambar wayar Umma, da lambobi uku da na ba shi kafin mu fito. Wani lokaci ya samu, wani lokaci ya zauna a kan dakali ya ce in ƙyale shi. Umma ta koyi juya baya ta kama wanke-wanke in ya fara nema, don kada bakinta ya riga ta. Nana ma ta koya, takan toshe bakinta da hannu biyu tana dariya.

Juma'a ce kawai muka kasa. Umma ta ce wa Kawu, "Yaya, likita ta ce a rage taya shi." Ya ce, "Khalas, an daina." Bai kai minti biyar ba ya koma. Ba mugunta ba ce, bakinsa ne ya saba, kamar yadda namu ya saba. Ni kuma in na ga manya shida a falo, sai harshena ya yi nauyi in koma ɗaki.

Rana ta tamanin da takwas aka kai shi wurin likitan kamfani. Ba a bar mu mun shiga ba. Abba ya sa farar rigarsa ta aiki da Umma ta goge sau biyu. Ya yi kusan awa ɗaya. Da likitan ya fito ya yi mana magana da ladabi. Ya ce ya ba shi kalmomi goma, ya dawo da biyar bayan an ɗan jima. Ya ba shi lambar kwantena, ya riƙe rabi. Ya ce a fili yake yana samun sauƙi, amma bai kai na wannan aikin ba tukuna. Na fassara wa Umma har da "tukuna". Kalmar nan ta fi "a'a" ciwo.

A zuwanmu na ƙarshe na yi ƙarfin hali na tambayi Madam Mai Kati: da mun fara tun mako na biyu, da ya ci? Ta ce ba ta sani ba, ba wanda zai iya sani. Ta ce abin da ya samu a mako biyar ba kaɗan ba ne. Ta cire tabarau ta yi ta goge shi da gefen mayafinta, ta daɗe tana gogewa. Na gode mata da ba ta yi min ƙarya ba. Ta bar mana katunan.

Aka soke biza, aka ba mu kwana talatin. Na bar makaranta saura mako uku a yi jarrabawa. Masu dubiyar Juma'a suka ce ƙaddara ce, kuma ƙaddara ce, ban musa ba. Sai dai ba wanda ya ce, "Mu ma da hannunmu." Har yau ba su sani ba. Suna ganin sun yi zumunci, kuma sun yi.

Kawu Habu ya ce shi zai aika kayanmu Kano, ko sisi ba zai karɓa ba. Muka kai kwalaye shagonsa a Deira da hantsi, ana ta jan tef ana ɗora kaya a sikeli. Yana rubuta sunan mai kowane kwali da baƙar maka, babban biron nan na rubutu a kwali. Da aka zo kan kwalin littattafaina, Abba ya miƙa hannu ya ce, "Kawo, ni zan rubuta wannan." Ya durƙusa, ya cire murfin makar, ya ɗora bakinta a kan kwalin. Ya tsaya. Tawada ta fara taruwa wuri guda. Jijiyar goshinsa ta miƙe.

Na ga Kawu ya ja numfashi, leɓensa ya haɗu zai fara.

Na ce, "Kawu, don Allah ka ƙyale shi."

Da ƙarfi na faɗa, har masu ɗaure kaya suka juyo. Kawu ya dube ni baki buɗe, ya dubi Umma. Umma ta dubi sikeli. Ba wanda ya yi dariya. Na fara ƙirga. Abba bai dubi bakin kowa ba, sama ya duba, inda fanka take juyawa. Ina sha huɗu hannunsa ya motsa. Ya rubuta Safiya, da manyan baƙaƙe, ya ja layi a ƙasa. Bai furta ba, bai dube ni ba. Ya mayar da murfin ya miƙa wa Kawu, ya ce, "Yalla, a ɗora."

Yanzu muna Kano. Abba yana taya wani abokinsa lissafin kaya a shago, yana riƙe lambobi shida ba tare da ya rubuta ba, kuma kullum bayan la'asar muna baje katuna. Kwalin ya iso bayan wata biyu, gefensa ya lotse. Na yanke wurin rubutun na ajiye tare da takardar nan da na ninke a littafin kimiyya. In na dube su tare, abin da nake gani shi ne maganar da na yi a shagon Kawu. Ba ta fi numfashi ɗaya ba, kuma ba wanda ya mutu da na faɗe ta. Tana bakina tun mako na biyu. Sai da aka ɗora kayanmu a sikeli na iya fitar da ita.